Agogon Layi Na Biyar

Shafi na 17

Masu cika min waya da “ina ci gaba, ina ci gaba” tun kafin in karya, ga shi nan, ku sarara min. Da yatsa ɗaya nake rubutun nan, shi ma sai na lallaɓa shi.

Wadda ta shigo yau kuma ta matso in gutsura mata. Ƙungiyar ninƙaya ta yara 'yan ƙasa da shekara goma za ta je gasa. A gasar akwai tseren karɓa-karɓa, yara huɗu, wannan ta taɓa bango wannan ta faɗa ruwa. Asabar ɗin da ta wuce Koci, mai horar da su, ta gwada yaran, ta liƙa sunaye huɗu a allo. Babu Tarwaɗa, jikar Kaka. A gurbin ƙarshe aka sa Gimbiya, 'yar mai kemis. Sati guda ke nan Kaka ba ta bar kunnen kowa ya huta ba, yau kuma da sha biyun rana Koci za ta tura sunayen ga masu gasa. In suka tafi, sun tafi.

To, mu je.

Ƙarfe goma da rabi Kaka ta shigo harabar tafkin ninƙaya, jakar Tarwaɗa a kafaɗa, tawul a hammata, silifas ɗinta na fas-fas a kan jiƙaƙƙen tayil. Warin maganin ruwan nan ya daki hancinta, ta yi atishawa biyu ta ɗora laifin a kan masu tafki.

“Wuce ki canza kaya,” ta ce wa Tarwaɗa. “Ina da magana da manya.”

“Kaka, don Allah kar ki yi.”

“Kar in yi me? Gaisuwa zan yi.”

“Gaisuwar taki nake tsoro.”

“Ji min ja'ira. Wuce, kafin in fasa tsaya miki.”

Yarinyar ta ja ƙafa ta nufi ɗakin canza kaya tana waiwaye. Uwarta nas ce, tana aikin safe. Ubanta direban bas, tun fitowar rana ya fita. Su biyun duk sun roƙi Kaka jiya ta bar maganar nan, ta ce musu ta bari. A ranta kuwa ta ce ta bari sai gobe.

Ofishin Koci ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matattakalar 'yan kallo, wanda dogon mutum sai ya sunkuya. Tebur ɗaya, kujera biyu, kwando cike da tabarau na ruwa da yara suka manta, sai agogunan dannawa na auna gudu guda shida rataye a ƙusa, kowanne da lambarsa. Koci na zaune, usur a wuya, kofin shayi a hannu.

“Sannu da zuwa, Kaka. Ina kwana?”

“Lafiya lau, 'yar nan. Ya bayan naki?”

“Bayana?”

“Na ji an ce yana ciwo. Na kuma ji an ce ana aiko miki da man zafi daga kemis, kwalba-kwalba.”

Koci ta ajiye kofin a hankali.

“Wa ya ce?”

“Mutane.”

“Ni ma mutane sun ce min ke kika ce.”

“Ni maimaitawa na yi. Mai maimaitawa ba shi da laifi.”

Koci ta yi dariya har sai da usur ɗin ya buga tebur. Wannan dariyar ta ɓata wa Kaka rai, don ita faɗa ta shirya, tun a bas take jera kalmominta.

“Zauna, Kaka, in nuna miki yadda nake zaɓe.”

“Ba karatu na zo ɗauka ba.”

“Minti biyu. Kin ga, ba yara huɗun da suka fi gudu nake kwasa in zuba ba. Salo huɗu ne. Ta farko rigingine za ta yi, kuma Doguwa ce kaɗai ke yinsa ba ta sarƙewa da igiyar raba layi. Ta biyu salon kwaɗo, wannan na 'Yar Baba ne, ba mai ja da ita. Ta uku salon malam-buɗe-littafi, in ba Auta ba, duk wadda na sa sai an tsamo ta a tsakiya. Saura gurbi ɗaya, na ƙarshe, salon da kowa ya iya. Shi ne yara shida suka yi gwaji a kai.”

“Kuma jikata ta riga kowa. Da idona na gani.”

“Ni ban gani ba. Wata ƙarama ta sha ruwa a ɓangaren 'yan koyo, na juya in ɗago ta, kafin in dawo an gama. Shi ya sa nake raba wa iyaye agogo, layi ɗaya mutum ɗaya. Abin da takarda ta ce, shi na bi.”

“To takardar ta yi ƙarya.”

Koci ta ja aljihun tebur, ta fito da 'yan takardu shida da aka haɗa da ƙaramin matsi. Ta lashi yatsa.

“Layi na huɗu, Tarwaɗa. Sakan arba'in da ɗaya da ɗigo shida. Tsohon Hedimasta ne ya riƙe agogon, kin san shi, ko numfashi ba ya yi sai ya danna.”

“Shi ban da magana a kansa.”

“Layi na biyar, Gimbiya. Arba'in da ɗaya da ɗigo uku.”

Kaka ta buga cinya.

“Yauwa. Nan ne gizo ke saƙar. Wane makaho ne ya riƙe agogon layi na biyar? A kira min shi. Ko nawa aka ba shi, yau sai ya amayar a gabana.”

Koci ta juya takardar, ta tura ta gaban Kaka.

Kaka ta laluba jaka ta ciro tabarau, ta ɗora a karan hanci.

Lamba uku ce ta fara gaishe ta. Wata irin uku mai kwance da ciki sama, kamar an ture ta. A duk gidansu mutum ɗaya ke rubuta uku haka, har jikoki na tsokanarta da ita.

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar. Ukun na nan kwance.

Jama'a, abin ya dawo mata tiryan-tiryan. Ranar gwajin iyaye ba su cika ba, Koci ta ce wa zai taimaka, Kaka ta ɗaga hannu don ta samu tsayawa a bakin ruwa, inda ake ganin komai. Dokar Koci ce ba a ba mutum layin ɗansa, sai aka ba ta na biyar. Yara duk hula ɗaya shuɗiya, tabarau ɗaya, wa zai gane 'yar wa? Ita dai ta san tata na layi na huɗu. Da aka busa usur ta danna. Daga nan idonta bai sake sauka a layi na biyar ba. Tarwaɗa ta je, ta juyo, ta taho tana tsaga ruwa, Kaka na binta da baki da ƙafa, kuma yarinyar na miƙa hannu za ta taɓa bango, babban yatsan Kaka ya danna don murna. Har 'yar rawa ta taka. Ta kwafe lambar a takarda ta miƙa, ta tafi rungumar jika.

Wato lokacin jikarta ta ɗauka, ta ma rage masa kaɗan, ta rubuta wa 'yar mutane.

Gumi ya tsattsafo mata a ƙarƙashin ɗankwali.

“Kaka? A kira makahon?”

“Uhm. Ba sai an tayar da hankalin mutane ba.” Ta gyara murya. “Wai ni agogunan nan naku, ana duba lafiyarsu kuwa? Na biyar ɗin nan tun ranar na ji shi wani iri a hannu.”

“Sabo ne.”

“Ai sabon abu shi ya fi rashin kunya.”

“Kaka, akwai abin da kike so ki gaya min?”

Akwai. Amma fa ku duba inda tsohuwa ta tsinci kanta. In ta yi shiru, sha biyu na bugawa sunan Gimbiya ya tafi, Tarwaɗa ta zauna a benci da tawul. In ta yi magana, duk wanda ta tsayar a satin nan, daga mai gyaran gashi zuwa matar da ke saman benensu, zuwa mai gadin tafki, zai ji cewa ɓarawon da take nema a jakarta yake.

Tana cikin wannan lissafin aka ƙwanƙwasa ƙofar da take a buɗe.

Maman Gimbiya ce, matar mai kemis. Doguwar mace mai sanyin magana, wadda in ranta ya ɓaci sai ta ƙara yin ƙasa da murya. Yau da kyar ake jin ta. Waya na hannunta.

“Ina kwana, Koci. Ina kwana, Kaka.”

“Lafiya lau, 'yata,” in ji Kaka, da wata murya mai zaƙi da ba a san ta da ita ba. “Ya maigidan? Ya kasuwa?”

“Kasuwa lafiya. Jiya ma mata uku suka shigo, ba su sayi komai ba. Sun zo ganin man zafin da ake sayen gurbi da shi.”

“Oh, mutane ba su da kirki.”

“Ba su da shi.” Ta ɗaga wayar. “Koci, ranar gwaji na ɗauki bidiyo daga sama. Ban nuna wa kowa ba. Sati guda ina kallonsa ina rufewa.”

Kaka ta dubi wayar kamar maciji ne a ciki.

Sai kuma ta dubi fuskar matar, ta ga abin da ba ta zata ba. Idon Maman Gimbiya ya yi ja. Ashe ita ma a tsaka mai wuya take. In ta kunna bidiyon ta wanke mijinta, ta cire 'yarta daga tsere da hannunta. Tun ranar Lahadi yarinyar ke kwana da hular ninƙaya a ƙarƙashin matashi.

Kaka ta sauke numfashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

“Mayar da wayarki jaka, 'yar nan. Ba sai an nuna ni ina rawa ba, na san yadda na taka.” Ta juya ga Koci. “Ni ce. Ni na danna. Jikata nake kallo, ban ko san 'yar wa ke layina ba. Da na danna, ita wannan baiwar Allah da sauranta.”

“Da saura kamar nawa?”

“Ina zan sani, tunda ban duba ba?”

“Jan hannu biyu,” in ji Maman Gimbiya a hankali. “Ko ɗaya da rabi.”

Koci ta rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunta na rawa. Kaka ta ɗauka kuka take, sai da ta ji sautin.

“Yi dariyarki, 'yar nan, ranarki ce.”

“Kaka, sati guda kina neman wanda ya zalunci jikarki.”

“To ai na same shi. Wa ya ce ban iya bincike ba?”

Har Maman Gimbiya sai da murmushi ya kuɓuce mata, ta yi sauri ta kama shi.

“Man zafin fa?” ta ce.

“Zan bi gida-gida in kwashe abina. Da mai gyaran gashi zan fara, ita ce gidan rediyon.”

“Har da matan jiya uku.”

“Ba ni sunayensu. Ai na san su, ni na aike su.”

Koci ta dubi agogon bango. Sha ɗaya da minti goma.

“To ku saurara. Takardar layi na biyar ta mutu. Amma ba zan cire yarinya daga allo don laifin da ba nata ba, ba kuma zan bar wadda ta riga ta a benci ba. Su biyu za su sake, yanzu. Ni zan riƙe agogo, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Kaka, ke kuma za ki zauna a sama, ki sa hannuwanki a ƙarƙashin cinya.”

“Ko kallo ba za a bar ni in yi a kusa ba?”

“A sama.”

Aka tsayar da atisaye, aka janye sauran yara gefe. Iyayen da ke kan benci suka miƙe wuya, don labari ya riga Koci fitowa daga ofis. Yadda ya fita ni ma ban sani ba, amma mai gadi na tsaye kusa da taga yana share wurin da ba datti.

Koci ta kira yaran biyu ta durƙusa ta yi musu bayani. Gimbiya ta dubi uwarta, uwar ta gyaɗa mata kai. Tarwaɗa kuwa ko gezau.

Kafin ta hau sama, Kaka ta ja jikarta gefe, tana gyara mata hular da ba ta karkace ba.

“Ƙawata, akwai abin da zan gaya miki. Ranar gwajin nan...”

“Na sani, Kaka.”

“Kin san me?”

“Da na taɓa bango na ɗago, na gan ki kina rawa da agogo a sama. Gimbiya ba ta iso ba.”

Kaka ta saki hular.

“Kin sani tun ranar? Kika bar ni ina yawo gari ina zuba?”

“Sau nawa na ce ki bari?”

“Me ya hana ki gaya wa Koci?”

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza yatsan ƙafa a tayil.

“Za a yi miki dariya.”

Kaka ta ja kan jikar ta manna a cikinta, jiƙaƙƙiyar hula da komai.

“Je ki,” ta ce. “An riga an yi dariyar, ban mutu ba. Ki tsaga min ruwan nan.”

Ta hau matattakala tana jan hanci tana cewa maganin ruwan nan ya yi yawa yau. Maman Gimbiya ta matsa mata wuri. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowacce na addu'ar da ta saɓa wa ta 'yar'uwarta.

Usur ya tashi.

Yaran suka faɗa tare. Tarwaɗa ta fara yin gaba, kamar yadda kowa ya zata. Amma ku tuna, sati guda Gimbiya na atisaye da 'yan huɗu, tana jin kanta cikin manya, ita kuwa Tarwaɗa sati guda tana ninƙaya da ɓacin rai. Kafin su kai bango na can, Gimbiya ta kamo ƙugunta. Suka juya. A dawowa ta kamo kafaɗarta.

Hannuwan Kaka suka fito daga ƙarƙashin cinya ba da izininta ba. Ɗaya ya damƙe gwiwar Maman Gimbiya.

“Kaka, ƙafata ce.”

“Yi haƙuri, ara min.”

Saura hannu biyar. Saura uku. Ruwa ya tashi fari, hannu biyu suka daki bango.

Wuri ya yi tsit, sai famfon tafki ke gurnani.

Koci ta dubi agogon dama. Ta dubi na hagu. Ta haɗa su wuri ɗaya ta sake dubawa. Kaka ba ta san lokacin da ta sauko ba, sai ganinta aka yi a bayan Koci tana leƙe, silifas ɗaya a ƙafa.

“Wa ya ci?”

“Na dama ya ce arba'in da ɗigo tara. Na hagu ma haka.”

“To a duba ɗigon bayan ɗigon.”

“Abin da ke tsakaninsu bai kai ƙiftawar ido ba, Kaka. Yatsa ba ya raba wannan. In na ce ga wadda ta ci, na yi ƙarya.”

Yaran biyu na riƙe da igiya suna haki, suna dariya, Gimbiya na watsa wa Tarwaɗa ruwa. Su ba abin da ya dame su. Manya ne suka tsaya cirko-cirko.

“A sake,” in ji Kaka.

“Sun gaji. In na sake yanzu, wadda ta fi ƙarfin huhu zan gwada, ba wadda ta fi gudu ba. Kuma sha biyu saura kwata.”

“To a sa su duka, su zama biyar.”

“Kaka.”

“Shawara ce.”

Koci ta rataya agogunan a wuya, ta share hannu a wando.

“In ruwa ya ƙi raba yara, abu ɗaya nake dubawa. Tseren karɓa-karɓa na mutum huɗu ne, in ɗaya ta makara uku sun tashi a banza. Don haka wadda ta fi zuwa atisaye a kan lokaci, ita ke shiga. Hedimasta, don Allah miƙo min littafin zuwa, yana kan tebur.”

Tsohon ya tafi da saurinsa na masu ritaya, ya dawo rungume da wani babban littafi mai baƙin bango.

Maman Gimbiya ta gyara tsayuwa. Ita da mota take kawo tata, minti goma kafin lokaci, har ta zauna tana jira a buɗe ƙofa.

Kaka kuwa ta fara lissafi. Litinin uban ke sauke yarinyar, ba matsala. Alhamis uwar ce, ita ma agogo ce da kanta. Asabar kowa na zuwa da wuri. Amma akwai rana ɗaya da hanyar tafki ke bi ta ƙofar shagon mai gyaran gashi, kuma mutum ba ya wuce mutane bai gaishe su ba.

Koci ta buɗe littafin a kan benci. Ta bi layin Gimbiya da yatsa har ƙarshe.

“Gimbiya ta yi fashin sati guda cur, lokacin da ta yi zazzaɓi. Kwana huɗu ke nan.”

Zuciyar Kaka ta ɗan dawo mazauninta.

“Tarwaɗa ba ta taɓa fashi ba. Sai dai makara, kuma a wurina makara biyu fashi ɗaya ce.” Yatsan ya fara tafiya, yana tsayawa, yana tafiya. “Ɗaya. Biyu. Uku. Ikon Allah, duk rana ɗaya ce. Huɗu. Biyar.”

Ta kama gefen shafin za ta juya, sai ta ɗago kai.

“Wai wa ke kawo Tarwaɗa ranar Talata?”

Kowa ya juya ya dubi Kaka.